Ƙarfin jiki rumbu ne: yadda za mu tsufa bisa ƙafafunmu

Darasinmu na yau ya shafi kowa, domin duk wanda Allah ya ja kwanansa zai tsufa.

A kowane gari muna ganin tsofaffi iri biyu. Akwai wanda ke tashi daga tabarma da kansa, ya je masallaci, ya je kasuwa, ya leƙa gonarsa. Akwai kuma wanda sai an kama shi ya tashi, sai an riƙe shi ya kewaya. Sau da yawa shekarunsu ɗaya. Wani lokaci cuta ce ta raba su. Amma sau tari abin da ya raba su shi ne ƙarfin ƙafa da na hannu. Ɗaya ya riƙe nasa, ɗaya nasa ya zurare.

Abin da muke so mu fahimta yau shi ne wannan: ƙarfin jiki kamar rumbu yake. Idan ana ɗiba ba a zubawa, zai ƙare. Amma ana iya sake zubawa, ko da mutum ya kai shekara 80.

Ina ƙarfi yake zaune?

Ƙarfi yana cikin tsoka. Idan aka yanka rago, jan naman da muke gani shi ne tsoka. Farin abu mai tauri da ya ɗaure naman ga ƙashi shi ne jijiya. Jikin mutum yana da tsoka fiye da 600. Tsoka ce ke jan ƙashi, kamar yadda igiya ke jan guga. Ba mu tashi, ba mu tafiya, ba mu ɗaga ko cokali sai da ita.

Tsoka tana da hali guda da ya kamata mu sani. Idan ana ba ta aiki mai nauyi, tana ƙara kauri da ƙarfi. Idan aka bar ta ba aiki, tana ramewa. Duk wanda ya taɓa karaya ya ga haka. Ranar da aka kwance ɗori, hannun da ya karye ya fi ɗan uwansa siranta, alhali abinci ɗaya suka ci.

Yadda ƙarfi ke zurarewa

Masana sun auna sun ga cewa tun daga wajen shekara 30 tsoka take fara raguwa. A kowace shekara 10, mutum yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa. Bayan shekara 60 raguwar tana ƙara sauri. Ba ta zuwa da ciwo, shi ya sa ba a lura da ita da wuri. Ga alamunta:

1. Mutum ba ya tashi daga zaune sai ya dafa ƙasa ko gwiwa.
2. Tafiyarsa ta ragu, yara suna jiransa a hanya.
3. Bokitin ruwan da yake ɗauka da hannu ɗaya ya fara yi masa nauyi.
4. Hawa amalanke ko tsallake dokin ƙofa ya zama aiki.
5. Yana yawan tuntuɓe da tangaɗi.

Abu biyu ne ke ɗibar rumbun nan: shekaru da zama. Shekaru ba mu da iko da su. Zama kuwa yana hannunmu, kuma ɓarnarsa tana da sauri. A shekarar 2007, a ƙasar Amurka, an kwantar da wasu dattijai masu lafiya, ƴan wajen shekara 67, bisa gado kwana 10. Da aka auna su, a matsakaici sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Kwana 10 kawai. Wannan ya nuna mana dalilin da ya sa tsoho kan kwanta zazzaɓi na mako biyu, zazzaɓin ya tafi, amma ƙafafu su ƙi ɗaukarsa.

"Ai mu manoma ne"

Wani zai ce: "Malam, wannan magana ta mutanen birni ce. Mu da hauya muka tashi." Gaskiya ne noma yana ba da ƙarfi. Amma mu duba shekararmu. Aikin gona mai nauyi, daga shuka zuwa kaka, wata 4 ne ko 5. Bayan an cika rumbu, wanda ba ya noman rani kuma bai tafi cin rani ba yakan yi wata 6 ko 7 gindin itace, ana hira ana dara. Saurayi yakan maido ƙarfinsa cikin ƴan makonni idan damana ta faɗi. Dattijo kuwa ba ya maido shi duka. Kowane rani yana tafiya da wani abu.

Haka mata. Mace takan yi shekara 30 tana daka, tana jan ruwa, tana ɗauko itace. Ranar da aka kawo matar ɗanta, sai a ce ta huta. Injin niƙa da fanfo sun rage wa mata wahala, kuma alheri ne babba. Sai dai tsoka ba ta san dalili ba. Ita dai aiki ya tsaya, sai ta fara ramewa.

Mutanen birni nasu ya fi tsanani. Tela, da mai shago, da ma'aikacin ofis a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, wani yakan yini zaune, ya hau babur ya koma gida.

Akwai kuma bambanci tsakanin wahala da motsa jiki. Wahala ita ce aiki tun safe har yamma cikin rana, da yunwa, ba hutu. Wannan tana cin jiki. Motsa jiki don ƙarfi kuwa aiki ne mai ɗan nauyi, na ɗan lokaci, a bi shi da abinci da hutu. Wannan yana gina jiki.

"Huta, Baba"

Mun tashi da ladabin girmama manya, kuma abu ne mai kyau. Idan tsoho ya ɗauki buta, sai yaro ya sheƙo ya ce: "Kawo, Baba, huta." Idan tsohuwa ta kama taɓarya, sai a ce: "Haba Inna, muna nan za ki yi daka?" Niyyar tana da kyau. Amma idan muka karɓe wa tsoho kowane aiki, mun karɓe masa ƙarfinsa ba mu sani ba.

Ba mu ce a bar iyaye cikin wahala ba. A karɓe masu aikin da ya fi ƙarfinsu. A bar masu wanda suke iyawa kuma suke so: ba dabbobi ruwa, shara, ɗan daka, ban ruwan lambu, tafiya kasuwa. Girmamawa ta gaskiya ita ce mu taimaki tsoho ya daɗe yana yi wa kansa.

Labarin tsofaffin Bostan

Da can har likitoci suna zaton tsoho ba ya ƙara ƙarfi. Wata likita mai suna Maria Fiatarone, a birnin Bostan na ƙasar Amurka, ta gwada abin ita da abokan aikinta. Sun ɗauki tsofaffi 10 masu rauni, ƴan shekara 86 zuwa 96. Sau 3 a mako, suna zaune, suna ɗaga nauyi da ƙafa. An yi haka mako 8. Mutum 9 suka kai ƙarshe. Da aka bayyana sakamakon a 1990, ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da sau 2 da rabi. Ma'ana, ƙafar da ke ɗaga kilo 8 da farko ta koma ɗaga kilo 20.

A 1994 sun bayyana wani gwajin da mutum 100, ƴan wajen shekara 87, na tsawon mako 10. Waɗanda suka ɗaga nauyi, ƙarfinsu ya ninka sau 2, tafiyarsu ta ƙara sauri, hawa matakala ya ƙara yi masu sauƙi. Waɗanda aka ba abin sha mai gina jiki kawai, ba tare da motsi ba, ƙarfinsu bai ƙaru ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Idan ɗan shekara 90 ya ƙara ƙarfi, mai 50 ko 60 ba ya da hujjar cewa lokaci ya wuce.

Amfanin ƙarfin tsoka ga mai shekaru

1. Yana kare mutunci. Mai ƙarfin cinya yana tsugunawa ya tashi da kansa a makewayi. Yana wanka da kansa. Yana ruku'u da sujada ya miƙe.

2. Yana rage faɗuwa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce cikin mutanen da suka kai shekara 65, kusan 1 cikin 3 yana faɗuwa kowace shekara. A 2021 ta ce faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 a shekara a duniya, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 ne suka fi yawa cikinsu. A 2019 masana sun tattara bincike 108, suka ga motsa jiki yana rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 1 cikin 4.

3. Yana ƙarfafa ƙashi. Ƙashi ma yana son nauyi. Idan tsoka tana jansa, yana riƙe taurinsa. Wannan ya fi shafar mata, domin bayan jinin al'ada ya ɗauke ƙashinsu yana saurin yin rauni. Karayar da muka fi jin tsoro ita ce ta saman cinya, inda ƙashi ya shiga kwankwaso. Tsofaffi da yawa ba su sake tafiya daidai bayanta.

4. Yana taimakon mai ciwon sukari. Mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci tsoka ce ke shanye shi. Tsoka mai aiki ta fi shanyewa. Motsi ba ya maye gurbin magani, amma yana taimaka masa.

5. Yana sauƙaƙa ciwon gwiwa da na baya. Cinya mai ƙarfi tana rage wa gwiwa kaya.

6. Yana zama guzuri ranar ciwo. Wanda ya kwanta da tsoka mai yawa, ko ya rasa wata, yana da saura da zai tashi da ita. Wanda rumbunsa ya kusa ƙarewa, kwanciya ɗaya tana iya gama shi.

Motsi shida da za mu yi a gida

Ƙasarmu ta san darajar ƙarfi. Tun 1975, da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, muna ganin yadda ƴan kokowa ke shirya jikinsu kafin su shiga fili. Mu ba takobi muke nema ba, kuma ba mu buƙatar sayen komi. Kayan aikinmu suna cikin gida: kujera, bango, bido da hatsi. Mu tuna, lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Tiya 1 ta hatsi kusan kilo 2 da rabi ce.

Na ɗaya: tashi da zama. A sami kujera mai ƙwari ko benci, a jingina ta ga bango. A zauna, a buɗe ƙafafu kaɗan. A miƙe tsaye, sannan a koma a zauna sannu, kada a faɗa. Wanda bai iya ba ya dafa da hannu da farko. Wannan shi ne babba cikin shidan.

Na biyu: tura bango. A tsaya gaban bango, nisan hannu. A dafa shi da tafi biyu daidai kafaɗa. A lanƙwasa hannu har ƙirji ya kusa bango, sannan a tura a koma.

Na uku: ɗage. A dafa bango. A ɗaga dunduniya a tsaya bisa yatsun ƙafa, sannan a sauko sannu.

Na huɗu: jan guga. A dafa kujera da hannu ɗaya, a sunkuya, baya a miƙe. Da ɗaya hannun a ja bido mai ruwa lita 2 ko 3 zuwa haƙarƙari, a sauke sannu. Sannan a sake hannu.

Na biyar: tafiya da kaya. A ɗauki bido biyu masu nauyi ɗaya, ko jaka biyu masu tiya ɗaya ɗaya. A miƙe baya, a yi taku 20, a aje. Wurin ɗauka da ajewa a lanƙwasa gwiwa, kada a sunkuya da baya kawai.

Na shida: tsayuwa da ƙafa ɗaya. A tsaya kusa da bango, hannu yana taɓa shi. A ɗaga ƙafa ɗaya, a ƙirga 10, a sake ƙafa. Wannan yana maganin tangaɗi.

Ƙa'idojin aikin

A fara da tafiya ta minti 5 don jiki ya ɗumama.

Motsi huɗu na farko, a yi kowane sau 8 zuwa 12. A huta minti 1 ko 2, a sake. A makonnin farko zagaye ɗaya ya isa. Daga baya a kai 2 ko 3. Duka aikin bai wuce minti 20 zuwa 30 ba.

A yi kwana 2 ko 3 a mako, a bar kwana ɗaya tsakani. Misali: Asabar, Litinin da Laraba. Cikin hutun ne tsoka ke ginuwa. A 2020 OMS ta ba da shawara cewa kowane baligi ya yi motsin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Wanda ya kai shekara 65 kuwa ya haɗa motsin ƙarfi da na hana tangaɗi aƙalla kwana 3 a mako.

Nauyin ya zama wanda ake jin sa. Idan an kai na 10 ko na 12, a ji hannu ko ƙafa ta gaji. Ranar da sau 12 ya zama wasa, a ƙara rabin lita cikin bido. Mai tashi da zama ya rungumi jakar hatsi a ƙirji. Wannan ƙari kaɗan kaɗan shi ne sirrin aikin. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada a riƙe numfashi. A fitar da shi lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa. Riƙe numfashi yana sa jini ya hau. Mai ƙirgawa da baki ba ya riƙe numfashi.

A yi da safe ko da la'asar, cikin inuwa, a sha ruwa. A bazara a guji tsakar rana.

Wa zai fara ganin likita?

Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon sukari, mai ƙaba ko gwaiwa, wanda aka yi wa aiki bai daɗe ba, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, duk su fara zuwa gidan likita su nemi shawara. Mafi yawansu za a ce su yi, amma a nuna masu iyakarsu.

A tsaya nan take idan aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ko wata gaɓa ta yi suka mai tsanani. A je a ga ma'aikacin lafiya. Tsamin jiki na kwana 1 ko 2 bayan farawa ba cuta ba ne, zai wuce. Tsoho mai rauni kada ya yi shi kaɗai. Ɗa ko jika ya tsaya kusa da shi.

Abinci

Magini ba ya gini sai da ƙasa. Tuwo da fura suna ba da kuzarin aiki, amma tsoka tana buƙatar abinci mai gina jiki: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, awara, nono, cuku, ƙwai, kifi, fara da nama. Ganyen zogala da na kuka suna ƙarawa. Nono da cuku suna taimakon ƙashi. A yi ƙoƙari a sa ɗaya daga cikinsu a kowane cin abinci, kada a tara sai dare.

Tsoho yakan rage ci saboda rashin haƙori, ko ya bar wa jikoki rabonsa. Mu lura da kwanon iyayenmu. A dafa wake ya yi laushi. A daka ƙuli-ƙuli a zuba cikin miya ko kunu. A dama fura da nono mai yawa. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya ƙara irin wannan abinci.

Aikin da za mu yi

Mu gwada kanmu. A zauna bisa kujera, a rungume hannu a ƙirji. Wani ya riƙe agogo. A tashi a zauna har daƙiƙa 30, wato rabin minti. A ƙirga sau nawa aka yi. Kowa ya rubuta ranar da adadin cikin littafinsa. Bayan mako 8 na aiki, a sake gwadawa bisa kujerar nan, a rubuta, a kwatanta. Ga amfanin karatu da rubutu: littafinmu ne zai ba mu shaida.

Aikin ya fi daɗi cikin jama'a. Ɗaliban yaƙi da jahilci suna iya ɗaukar minti 15 kafin darasi su yi tare. Mata su yi nasu a tsakar gida. Idan ɗaya ya yi kasala, sauran su ja shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ke faruwa ga tsoka idan aka bar ta ba aiki?
2. Wata nawa muke yi a shekara ba aiki mai nauyi a garinmu?
3. Waɗanne ayyuka ya kamata mu bar wa iyayenmu, waɗanne za mu karɓe masu?
4. Idan tiya 1 kilo 2 da rabi ce, tiya 4 kilo nawa ne?
5. Faɗi alamu 3 da za su sa a tsai da motsi a je gidan likita.

Ƴan uwa, manomi ba ya jiran yunwa kafin ya yi shuka. Mai shekara 40 ya fara yau don ya tara. Mai shekara 70 ya fara yau don ya maido abin da ya zube. Wanda ya karanta darasin nan ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu. Allah ya ba mu tsufa mai albarka, bisa ƙafafunmu. Sai fitowa ta gaba.